Jirgin Sama Mai Sauka a Kan Ruwa a Maldives: Aiki Mai Kyau, Farashi Mai Nauyi

Duk wanda ya yi niyyar zuwa hutu ƙasar Maldives, muddin otal ɗin da ya kama ba ya kusa da Male, babban birnin ƙasar, zai tarar da wani kuɗi a ƙasan takardar biyansa wanda mutane da yawa ba sa sa shi cikin lissafi tun farko, wato kuɗin jirgin sama mai sauka a kan ruwa da zai ɗauke shi daga filin jirgin sama na Velana zuwa tsibirin da zai sauka. Na shiga wannan jirgi zuwa da dawowa, kuma ra'ayina a kansa shi ne: aikin yana tafiya da tsari da ƙwarewa fiye da yadda na zata, abin da ido ke gani daga tagarsa ya cancanci a ba da labarinsa, amma farashinsa farashi ne na wanda ya san ba ka da wata mafita, kuma akwai sharuɗɗan da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya yanki tikitinsa daga gida.

Yanayin ƙasar ne ya haifi wannan sana'a. Maldives tsibirai ne kusan 1,200 da suka warwatsu a tekun Indiya, a jere daga arewa zuwa kudu tsawon fiye da kilomita 800, kuma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Tun da aka buɗe otal ɗin shaƙatawa na farko a 1972, tsarin da ƙasar ta bi shi ne kowane otal ya mallaki tsibirinsa shi kaɗai, kuma galibin waɗannan tsibirai mutum zai iya zagaye su da ƙafa cikin ɗan lokaci, saboda haka babu maganar shimfiɗa titin saukar jirgi a kansu. Jirgin ruwa mai gudu yana wadatar da otal-otal da ke kusa da filin jirgin sama, amma wanda ke nesa da kilomita 100 ko fiye, tafiyarsa ta ruwa tana cin sa'o'i, kuma idan teku ta tashi ba kowa ke jure ta ba. Jirgin da zai tashi daga ruwa ya sauka a ruwa yana gama wannan tafiya cikin minti 20 zuwa awa ɗaya.

Babban kamfanin da ke wannan aiki shi ne Trans Maldivian Airways, wanda ya fi kowane kamfani a duniya yawan jirage masu sauka a ruwa. Yana da jirage fiye da 60, yana hidima wa otal-otal fiye da 80, kuma yana ɗaukar fasinjoji fiye da miliyan ɗaya a shekara. Asalinsa kamfanin jirage masu saukar ungulu ne da aka kafa a 1989, kuma ya daɗe yana gogayya da wani kamfani mai suna Maldivian Air Taxi da ya fara aiki a 1993, har zuwa 2013 lokacin da kamfanin zuba jari na Amurka, Blackstone, ya sayi su biyun ya haɗe su wuri guda. A 2017 aka sake sayar da shi ga wata ƙungiyar masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin Bain Capital a kan kuɗi kusan dala miliyan 500, sannan bayan annobar korona ta tsayar da yawon buɗe ido a 2020 bashi ya yi masa nauyi, aka sake fasalinsa a 2021, kamfanin zuba jari na Carlyle ya zama mai kaso mafi girma. Ban da shi akwai Maldivian, kamfanin jirgin sama na gwamnati, da Manta Air da ya fara aiki a 2019. Sai dai matafiyi ba shi ne ke zaɓar kamfani ba, otal ɗinsa ne ke da yarjejeniya da ɗayansu, shi ke kama masa kujera, shi ke karɓar kuɗin.

Daga fitowa daga wurin binciken fasfo, wakilin otal yana tsaye da allo mai ɗauke da sunan otal ɗin, shi ne zai kai ka teburin kamfanin jirgin, inda ake auna kaya. A nan ne mutanenmu masu son tafiya da manyan akwatuna za su fara jin jiki, domin ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 20 na akwati da kilo 5 na jakar hannu, alhali jirgin da ya kawo ka daga nesa ya yarda maka da fiye da haka. Abin da ya haura ana biyan kuɗinsa kilo-kilo, kuma idan jirgin ya cika nauyi ana iya barin akwati ya biyo jirgi na baya, don haka hikima ce mutum ya sa magungunansa da kayan sawa na kwana ɗaya a jakar hannu. Bayan awo sai bas ta zagaya da ku ɗaya gefen tsibirin Hulhule, inda filin jirgin yake, zuwa tashar jirage masu sauka a ruwa ta Noovilu da aka buɗe a 2022, gini mai hawa-hawa da ɗakunan jira masu sanyi, wasu na kowa da kowa, wasu na otal-otal masu tsada da ke shayar da baƙinsu shayi da abin taɓawa. Ta tagar ɗakin ana hango jiragen a jere a bakin gadojin katako, wani na shigowa wani na fita, babu ƙaƙƙautawa.

Jirgin kansa shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Twin Otter ne, ƙirar kamfanin de Havilland na ƙasar Kanada, mai injina biyu da farfela biyu, wanda aka cire wa tayoyi aka ɗora shi a kan dogayen ƙafafu biyu masu siffar kwale-kwale. Yana ɗaukar fasinja kusan 15, kujera ɗaya a hagu, biyu a dama, kayan kuma ana jibge su a bayan ɗakin a ɗaure da raga. Ana hawansa ne ta wani ɗan tsani mai tsayuwa sosai yayin da jirgin ke rausaya a kan ruwa, kuma mai sanye da doguwar riga, namiji ko mace, ya kyautu ya tattare ta da hannu ɗaya ya kama ƙarfen da ɗayan, ya bar ma'aikaci ya miƙa masa jakarsa daga baya. Babu ƙofa tsakanin fasinjoji da matuƙa, saboda haka wanda ya sami kujerar gaba yana kallon komai. Matuƙan biyu suna sanye da farar riga mai galan a kafaɗa da gajeren wando, ƙafafunsu kuwa babu takalmi, da tafin ƙafa suke taka fedojin juya jirgin. Hannayen ƙara wuta a wannan jirgi daga rufin suke saukowa, don haka lokacin tashi za ka ga matuƙin ya ɗaga hannunsa sama ya riƙe su, na kusa da shi yana karanto masa lambobi. Ma'aikaci na uku shi ne mai kwance igiya, yana tura jirgin daga gada, ya taka ƙafar kwale-kwalen ya shigo jirgin yana tafiya, sannan ya rufe ƙofa ya nuna inda rigar ceto take a ƙarƙashin kujera, ya raba abin toshe kunne.

Kada a raina wannan abin toshe kunne, domin ƙarar injinan tana da yawa, kuma hira da na kusa da kai ba ta yiwuwa sai da ihu. Babu na'urar sanyaya ɗaki sai ƙananan fankoki, don haka mintunan da ake yi ana jiran izinin tashi da rana tsaka gumi ne zalla, kuma iskar ba ta yin sanyi sai jirgin ya yi sama. Babu banɗaki, abin da ya kamata mai tafiya da yara ko tsofaffi ya tuna tun a tasha. Tashin yana farawa da fesar ruwa a tagogi da bugun igiyoyi a ƙarƙashin jirgin, sai can bugun ya yanke, ka ga teku ta yi ƙasa. Da yake jirgin ba ya hawa sama sosai, komai a bayyane yake: zoben duwatsun murjani da ke kewaye da ruwa mai launin shuɗi-shuɗi, bakin rairayi fari, inda ruwa marar zurfi ke ƙarewa ya faɗa cikin baƙin shuɗi farat ɗaya, da ƙauyukan masunta da hasumiyar masallacinsu da filin ƙwallonsu. A nan kam ban ga abin kushewa ba, kuma wanda ya bi ta ruwa kawai bai ga siffar ƙasar ba.

Jirgin yana aiki ne kamar motar haya da ke sauke fasinja a hanya, yana iya tsayawa a otal ɗaya ko biyu kafin ya kai naka. Wasu otal-otal suna da gadar da jirgin ke raɓawa, wasu kuwa dandamalin katako ne kawai ke yawo a tsakiyar ruwa, a nan za a sauke ka da akwatinka, kwale-kwalen otal ya zo ya kwashe ku. Saukar tana iya zama lallausa ko mai girgiza, gwargwadon halin teku, kuma daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin iska da ruwan sama na kudu maso yamma, jinkiri da sauya wurin sauka sun fi yawa.

Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne waɗannan jirage ba sa tashi sai da rana, saboda matuƙi da idonsa yake duba fuskar ruwa kafin ya sauka, kuma babu fitilun titi a kan teku. Suna fara aiki da fitowar rana wajen ƙarfe 6 na safe, jirage na ƙarshe kuma suna barin Male da la'asar, wajen ƙarfe 4. Wanda jirginsa ya iso bayan ƙarfe 3 na rana yana cikin haɗarin rasa na ƙarshe, kuma tilas ba ta rasa ɗakin kwana, sai ya kama otal a Male ko Hulhumale, tsibirin da ke maƙwabtaka da filin jirgin, ya biya, alhali ɗakinsa mai tsada yana can a tsibiri an riga an biya kuɗinsa. Mai tasowa daga Kano ko Abuja ko Legas ta Doha ko Dubai ya kamata ya zaɓi jirgin da ke sauka Male da safe, ko da ya ɗan fi tsada. Haka kuma ba a tsayar da jadawalin tashi sai daren jajibiri, bayan an tattara sunayen masu zuwa da masu tafiya daga dukkan otal-otal, saboda haka jiran awa ɗaya zuwa uku a tasha abu ne da aka saba, kuma otal ba zai gaya maka lokacin komawarka ba sai ana gobe za ka tafi.

Kuɗin zuwa da dawowa ga babban mutum ɗaya ya danganta da nisa da kuma otal, amma sau da yawa yana faɗawa tsakanin dala 400 zuwa 600, wasu wuraren ma ya haura haka, kuma idan aka juya shi zuwa naira ga miji da mata sai ya zama kuɗin da za a tsaya a yi shawara a kansa. Adalci ne a faɗi cewa gudanar da wannan aiki ba shi da araha. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, dole a riƙa wanke jirgi da injinansa da ruwan daɗi a kai a kai, mutum uku ne ke aiki wa fasinja 15, jirgi ba ya samun kuɗi da dare, kuma matuƙa kan kwana a otal-otal na nesa domin su taso da baƙin da za su kama jirgin safe. Duk da haka, rashin zaɓi yana da hannu a cikin farashin, domin babu inda matafiyi zai je ya gwada farashin wani kamfani da na wani, kuma shi ya sa nake ganin kuskure ne a kwatanta otal biyu ba tare da an haɗa kuɗin jirgin a cikin lissafin kowannensu ba.

Idan aka duba sauran duniya za a ga dalilin da ya sa wannan sana'a ta yi ƙarfi a nan ta kuma yi rauni a wurare da yawa. A Indiya an ƙaddamar da irin wannan jirgi tsakanin Ahmedabad da Kevadia a ƙarshen Oktoban 2020 da babban biki, da jirgin da aka yi hayarsa daga Maldives, amma a cikin 2021 aikin ya tsaya, kuma mai zuwa Kevadia yana da mota da jirgin ƙasa. Inda sana'ar ta daɗe, kamar gaɓar yammacin Kanada da kamfanin Harbour Air ke haɗa Vancouver da Victoria, ruwa ne ya raba garuruwan, kuma jirgin yana sauka a tsakiyar gari. Saudiyya ma ta shigo a 2023 da kamfanin Fly Red Sea domin kai baƙi otal-otal na tsibiran Bahar Maliya, wanda tsarinsa ya yi kama da na Maldives. Wani abin lura shi ne tsufan ƙirar jiragen: Twin Otter ya fara tashi a 1965, an daina ƙera shi a 1988, sai da kamfanin Viking Air ya farfaɗo da shi aka fara miƙa sababbi a 2010, kuma har yau babu wani jirgi mai injina biyu da ya karɓe masa wannan aiki. Harbour Air ya gwada tashi da jirgin Beaver mai aiki da lantarki a Disambar 2019, amma jiragen da ke jigilar baƙi a Maldives da mai suke tafiya.

Wanda ke fama da ciwon baya, ko mai juna biyu, ko wanda ƙara da zafi ke wahalar da shi, ya tambayi otal ko akwai hanyar jirgin cikin gida, domin yankuna kamar Baa suna da ƙaramin filin jirgi a Dharavandhoo inda manyan jirage masu farfela ke sauka har da dare, daga nan a ƙarasa da jirgin ruwa, kuma sau da yawa wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi. Ranar komawa kuma tana da nata lissafi: idan jirginka na gida da tsakar dare zai tashi, dole ka bar tsibirin tun da rana, ka yi sauran sa'o'in a filin jirgin sama ko ka kama ɗaki na yini a Hulhumale, saboda haka gara a tambayi otal tun kafin a biya ko su ne za su ɗauki nauyin wannan jira.