Wajen fisiyon da nake zuwa kan ciwon ƙugu, ga yadda na same shi

Masu tambayata a kan wajen gashin ƙashin nan (fisiyo) da nake zuwa, wai yana da kyau ko asarar kuɗi ce, amsar dai ita ce yana da kyau amma fa ba kowa zai ji daɗinsa ba. In kai mai son a kwantar da kai ne a shafa maka man zafi a murza ka a haska maka jar fitila ka tashi ka kama gabanka, to da haushi za ka fito, don mutanen nan aiki suke ba ka ka je gida ka yi da kanka, in ka dawo kuma sai sun titsiye ka ka gwada a gabansu. Asibitin kuɗi ne, a cikin garin Kano yake, ba zan kama suna ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne.

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ɗinkin Sallah ya san yadda muke kwana a kan keke. Ciwon a ƙugu yake ɓangaren dama, da asuba in zan wanke ƙafa wajen alwala sai na dafa bango, ruku'u kuwa a hankali nake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Diclofenac ɗin kemis yana kwantar da shi na wuni guda ya dawo, ga bel ɗin ɗaure ciki da na saya ina fama da shi cikin zafin nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne zaman farko, likitan bai taɓa wata na'ura ba sai da ya gama yi min tambayoyi, wasu ma har na ji nauyinsu. Ciwon yana sauka ƙafa? Ƙafar tana mutuwa ko tana yi kamar ana tsira allura? Fitsari da bayan gida kana iya riƙe su? Zazzaɓin dare fa, ko rama, ko tari da ya daɗe? Na ce Likita ni fa baya na kawo, me ya haɗa shi da tari. Ya yi dariya ya ce Malam ai tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma in shi ne ba atisaye za mu ba ka ba, wajen wani likitan za mu tura ka yau ɗin nan. Daga nan ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na dawo a kan yatsu, ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafata a miƙe yana kallon fuskata ya ga inda zan yamutse, ya ƙwanƙwasa min gwiwa da 'yar gudumar robar nan.

Na so a yi min hoton ƙashi, ya ce ba yanzu ba. Wai mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in aka yi musu hoto sai a ga ƙashin bayan ya ɗan ci, musamman in shekaru sun ja, sai mutum ya ɗauki hoton ya tafi gida da fargaba ya daina sunkuyawa gaba ɗaya, ciwon da babu ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma wajen kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ita ce sanadi. A nan na yarda ba kuɗina yake hari ba, don da ya ce a yi hoton wallahi biya zan yi ba musu.

Atisayen da ya ba ni ba su da wani kwarjini, in ka gani sai ka raina. Na farko ka kwanta rigingine ka lanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga mazaunai sama ka riƙe kaɗan ka sauke a hankali. Na biyu ka durƙusa kamar mai rarrafe ka miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugun ya karkace ba, shi wannan ɗin ne ya kunyata ni don jikina rawa ya dinga yi, likitan ya ɗora min kwalin magani a gadon baya ya ce in ya faɗo a sake. Sai na shago, duk bayan kamar rabin awa in tashi daga kan keke in dafa ƙugu da hannu biyu in ɗan gantsare baya, in taka zuwa bakin ƙofa in dawo. Benci ya ce in rabu da shi in samu kujera mai majingina, in naɗe tawul in sa a ƙasan bayana, kuma in zan ɗauki bandir ɗin yadi in matso da shi jikina in lanƙwasa gwiwa, kar in fizgo shi daga nesa ina murɗa jiki. Bel kuwa cewa ya yi in ajiye, ba shi zai ƙarfafa min baya ba. Ya kuma hana ni kwanciya wuni guda in ciwon ya motsa, ya ce tafiyar ƙafa ta fi min, minti 150 a sati ake so ga babba, in na raba shi minti 30 kwana 5 ya isa. Maganar diclofenac ma sai da ya ja min kunne, shan sa kullum yana iya jawo olsa ya taɓa ƙoda.

Na'urori akwai su, suna manna maka wasu faifan roba masu waya ka ji wuta na tsikararka kaɗan-kaɗan, akwai kuma jakar ɗumi. Da daɗi kam ba ƙarya. Amma shi da bakinsa ya ce wannan lallashin ciwo ne na ɗan lokaci don ka samu damar motsawa.

Wata rana ina jiran layi aka shigo da wani matashi ɗan ƙwallo, idon sawunsa ya kumbura suntum har ya yi baƙi. Targaɗe ya yi a fili, abokai suka ja ƙafar, a gida aka gasa da ruwan zafi aka murje da man zafi a daren. Labule ne kawai tsakaninmu don haka duk na ji. Likitan ya ce masa kwana 2 zuwa 3 na farko ba a son zafi ba a son murza, ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar a kan filo. In kuwa mutum ya kasa taka ƙafar ko taku 4, ko ƙashin kansa ke ciwo in an danna, to hoto ya zama dole don kar a je tsagewa ce. Ya ce in ya warke ya dinga tsayawa da ƙafa ɗaya yana goge baki, saboda wanda ya taɓa targaɗe ya fi saurin sake yi a wannan ƙafar, ya kuma ce ya nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ a waya su dinga yi da 'yan kulob ɗinsu, minti 20 ne kafin a fara wasa. Mu dai a unguwa daga sauka a babur sai cikin fili.

To yanzu inda suka gaza. Lokaci ba sa cika shi, a ce maka ƙarfe goma ka zo ka zauna har a kira azahar, mai sana'a kuwa wuninsa ya tafi kenan. Ba kullum kake samun wanda ya fara duba ka ba, wani lokacin ƙaramin ma'aikaci za a haɗa ka da shi ya manna maka waya ya tafi danna tasa wayar, ranar duk ba na jin na ci kuɗina. Labulen nan ma matsala ne, duk abin da ka faɗa na kusa da kai yana ji. Masu karɓar kuɗi kuma sun cika matsa wa mutum ya biya na zama da yawa a dunƙule, alhali shi likitan cewa ya yi in ina yin aikina a gida ba sai na yawaita zuwa ba, ka ga baki bai zo ɗaya ba. Takardar atisaye ma babu, sai da na roƙi wani ya ɗauke ni bidiyo da wayata don kar in manta.

Wanda aljihunsa bai kai ba, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashi, sai dai a yi sammako. Duk inda za ka je kuma ka duba takardar rajista, hukumar MRTB ce ke ba su lasisi a Najeriya, don yanzu kowa ya sayi injin tausa sai ya kafa allo. Ta wajen da nake zuwa dai na gan ta a rataye a bango.

Ciwona bai ɓace ɗungurungum ba, in na zarce da zama yakan yi min sallama, amma ina alwala ba dafa bango kuma na daina zaryar kemis. Wanda ƙafarsa ke ƙara rauni, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ke kufce masa ko ya ƙi fita, wannan kar ya tsaya neman wajen gashi, ya wuce sashen gaggawa a ranar. Sauran kuma in za ku je ku sa wando mai walwala, ku tafi da kwalayen magungunan da kuke sha, mata su kira waya tukuna don likita mace ba kullum take zuwa ba.