Makarantar fasaha ko shagon oga: amsata ga Hajiya

Hajiya, kin tambaya ko makarantar fasaha za ki kai yaronki ko shagon oga ya koyi sana'a. Tunda yaron naki yanzu ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ki kai shi makarantar fasaha kawai. Shagon oga ya bari sai lokacin hutu.

Ƙanena makarantar fasaha ta Farfaru da ke Sakkwato ya yi, ɓangaren lantarki, kuma har yau ina sa wa wanda ya ba mu shawarar albarka. Wata bazara maƙwabcinmu ya tashi haɗa sola, zafi ya ishe shi. Ƙanen nawa bai taɓa waya ba sai da ya zauna bisa tabarma da biro da takarda, ya lissafa fanka nawa, ƙwan lantarki nawa, firij awa nawa zai yi yana aiki, sannan ya gaya wa mutumin cewa batirin da yake shirin saye ba zai kai shi asuba ba. Ya zana masa yadda wayoyin za su bi, da kaurin da kowace ke buƙata. Wallahi ranar na ji daɗi har raina. Wannan lissafin a aji ake koya shi.

Shekara 3 ake yi, daidai da babbar sakandare, kuma ba a barin Turanci da lissafi. A ƙarshe zai zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun fasaha da aka kafa tun 1992, ya samu takardar NTC, wato shaidar kammala makarantar fasaha. Da ita zai iya rubuta JAMB ya nemi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi in yana son ci gaba. Ban da Farfaru akwai ta Runjin Sambo da ta Binji. Amma ki tura babansa ko kawunsa ya shiga ɗakin aikin da kansa, ya ga injinan suna tashi, ya tambayi yara sau nawa suke taɓa su a mako.

Shago kam hannu na faɗawa da wuri, ban musa ba. Sai dai yaro kan daɗe yana shara da sayo wa oga abinci kafin a miƙa masa sufana, kuma ranar da za a yaye shi tana bakin oga. In an dace da mai amana, ya riƙa zuwa Asabar da dogon hutu. Daga baya ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki 3, ya ƙara takarda.

Don Allah ki kiyayi masu buɗe ɗaki guda su liƙa allo, su ce cikin wata 3 yaro zai ƙware a waya da sola da kwamfuta gaba ɗaya. Kuɗin fom, kuɗin riga, kuɗin bikin yaye, ƙarshenta a ba shi takardar da ba inda za ta yi masa amfani. Ki tambaye su wace hukuma ta amince da takardarsu. In suka fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.