Fatsa, sandar kanti ko birgi: me mai neman hutun rai zai saya?

Lokacin da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, zaman gida ya takura mutane ƙwarai. Da aka sassauta, bakin ruwa na cikin wuraren da mutum zai sha iska ba tare da cunkoso ba, irin su madatsar Tiga, Bagauda da Challawa. Wanda ke son kamun kifi don ya rage damuwa, ba don kasuwa ba, kayan da zai saya sun bambanta da na masunci.

Ni dai fatsa nake ba kowa shawara. Sandar gora ce busasshiya mai ɗan lanƙwasa a baki, da zaren roba, da ƙugiya, da 'yar dalma da za ta nutsar da ita, sai guntun tsohon silifas ya zama alama a saman ruwa. Aikin duka shi ne zuba wa wannan guntun ido. Ya yi rawa sau ɗaya, sau biyu, ya nutse, ka fizge. A lokacin korona, hankalin da ke can ba ya komawa kan labarin adadin waɗanda suka kamu da cutar. Wajen sayen ƙugiya ka lura, yawanci lamba mai girma ita ce ƙarama. Karfasa bakinta ƙarami ne, ƙaramar ƙugiya da tana ko gara sun ishe ta. Tarwaɗa kuwa sai babba, da hanjin kaza, da zare mai kauri, kuma ta fi ci da magariba. Ka ja zaren da hannu tun a shago, wanda ya daɗe a rana tsinkewa yake yi.

Sandar kanti mai na'urar naɗe zare tana jifa nesa, ita ce ta mai burin giwan ruwa. Amma tana da tsada, yashi na lalata na'urar, kayan gyaranta kuma ba a ko'ina ake samu ba. Sabon shiga yakan ƙare yini yana warware zare, ransa a ɓace. Idan ka nace, ɗauki wadda ake zurawa ta gajarce, ka murza hannun ka ji ba ya cijewa.

Birgi, wato ragar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa, ba na ganin na mai hutawa ne. Jifansa sana'a ce da ake koya, yana ƙarar da kafaɗa, sannan sau da yawa sai ka shiga ruwa, kuma ruwan da ke kwance a madatsunmu yana iya sa tsargiya. Ga shi kuma za ka shiga abincin masunta.

Kowanne ka zaɓa, fara gaida sarkin ruwa ko masuntan wurin, su za su nuna maka inda aka hana da inda ƙasa ke zaftarewa. Ka haɗa da malfa da ruwan sha, kowa kuma ya riƙe sandarsa a ɗan nesa da ɗan'uwansa.