Wata huɗu a cibiyar gashin ƙashi bayan buguwar kai

Ranar da na faɗi daga babur, hoton ƙwaƙwalwa na CT bai nuna komai ba, aka ce in koma gida in huta. Wata bakwai ina hutun nan. Kai na sarawa, jiri na ɗibata in na ɗago daga sujada, hasken waya kamar ana soka min allura a ido. A gida har an fara zancen sammu.

Daga ƙarshe na je wata cibiyar gashin ƙashi mai zaman kanta a Kano. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ma'aikaciyar ta yarda ciwon gaske ne. Ta ce buguwa kan tayar da ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa da ake kira microglia, su haddasa kumburi don gyaran wurin, kuma masu bincike na ganin a wasu mutanen kumburin kan daɗe bai lafa ba. Irin wannan CT ba ya kama shi.

"Malam, sau nawa kake shan ibuprofen?" Na ce kusan kullum, ai maganin kumburi ne. Ashe shan irinsa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai. Ta tura ni wurin likita muka rage shi.

Sai aka ɗora ni a injin tafiya, gwajin da aka ƙirƙiro a Jami'ar Buffalo ta Amurka. Ana ƙara tudu a hankali har alamomin ciwon su motsa, a rubuta bugun zuciya a daidai nan. Aka ce in riƙa tafiyar minti 20 kullum a kan kashi 80 cikin 100 na wannan bugun. Ga kuma atisayen ido: in kafa ido a harafi ɗaya a bango ina juya kai. Makonni biyun farko na sha wuya, har na so in bari.

Ƙorafina ɗakin jira ne. Fararen fitilu tarwai, talabijin na ta ƙara, ga jira na sama da awa ɗaya. Mai irin ciwona kafin a kira shi ya riga ya galabaita. Kuɗin ma ba na kowa ba ne.

Duk da haka zan tura ɗan'uwana can. Har yanzu taron biki ya fi ƙarfina, amma Juma'ar da ta wuce na ɗago daga sujada ban dafa kowa ba.