Wanne zaki saya wa yaro don lissafin digo-digo na murabba'i?

Yan uwa iyaye mata na Jidda da Makka, in yaronki ya dawo daga makaranta da aikin nan na digo 1, 4, 9, 16 ana tambayarsa wanne ne na gaba, ga abinda zaki tarar a kasuwa: manhajar waya, littafi mai gida-gida, yan kwallayen maganadisu, sai allon roba mai ramuka da ake cusa wa kusoshin roba kala-kala.

Ni dai allon nan nake cewa kowa ta saya, mai rami 10 a tsaye 10 a kwance, 100 kenan. Yaro ya sa ja guda 1 a kusurwa, ya bi gefe biyu da shudi 3 ya zama 4, ya kara kore 5 ya zama 9, sai 7 ya bashi 16, 9 ya bashi 25, kinga da hannunsa zai gano cewa karin kullum mara ne kuma yana hawa da bibbiyu, har zagayen karshe ya ci 19 allo ya cika. Daga nan ko an ce masa meye bayan 36 ba sai ya zana ba, 13 zai kara yace 49.

Manhaja kam danne-danne ne har ya dace da amsa. Littafi ba laifi in kudi sun yi kasa.

Amma don Allah ki bude kwalin a gaban mai shago, musamman shagunan abu riyalen din nan masu kayan araha. Na taba sayo wani an rubuta 100 a jiki, ashe ramukan 10 ne da 9, kusoshin ma basu cika ba kuma kala biyu kacal, yarinyata tana ta kirga tana kuka wai ita ce bata iya ba, wallahi abin ya kona min rai. Ki kirga layin da yatsa, ki cusa kusa daya ki kife allon, in ta fado to na bogi ne. Kala ta kai 4 ko 5, zagayen ya fi fitowa sosai. Ki duba tambarin G, shaidar ingancin kaya ta kasashen Gulf, a kwalin.

Maganadisu kuwa kar ki shigo dashi gidan da akwai mai rarrafe, in ya hadiyi biyu suna manne juna ta cikin hanji, sau da yawa sai an yi tiyata.