Hattara da man faso na kwana uku da ake tallarsa a Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina, da baƙinmu masu zuwa Umra. Don Allah duk wadda ta karanta wannan ta isar wa iyayenmu mata, musamman masu ciwon suga. Akwai wata mata da ke tallar man faso a WhatsApp da TikTok, tana cewa cikin kwana uku dunduniyarki za ta koma kamar ta jinjiri. Yau sati biyar ke nan ina kai Gwaggona wankin ciwo saboda man nan.

Ga yadda za ku gane shi. 'Yar farar roba ce mai koren murfi, ba ta wuce ƙaramin gwangwanin tumatir ba, an manna mata hoton tafin ƙafar jariri. Babu sunan kamfani, babu bayanin abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Man ruwan toka ne mai yauƙi, an cika masa turare, amma in kin kai hanci kusa sai wani wari mai hawa kai ya biyo baya. Riyal 120 take sayarwa. Wani yaro ne ke kawowa bakin titi a Shara Mansur ko Misfala, ita kuwa ba wadda ta taɓa ganin fuskarta, sai dai murya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da addini take fakewa, wai ruwan Zamzam ne da habbatus sauda da man zaitun. Wace tsohuwa ce za ta ji an ambaci Zamzam ta tsaya tambaya?

Gwaggo ta haura shekara sittin, tana sayar da tuwo da miyar kuka ga mutanenmu, wuni take a tsaye cikin silifas. Faso ya daɗe yana damunta, har jini yake yi lokacin sanyi. Shekararta tara da ciwon suga. Matar ta turo mata saƙon murya: ta lafta man da yawa da daddare, ta ɗaure ƙafar da leda, ta sa safa, da safe ta kankare da reza. Haka ta yi dare uku a jere ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar na je gaishe ta, na tarar safarta ta jiƙe da wani ruwa-ruwa. Da na zare ledar sai da cikina ya juya. Fatar dunduniyar ta yi fari ta kumbura kamar dafaffen ganda, gefe guda ta saɓule, ga jan nama a fili.

Na ce, "Gwaggo, ba ki jin zafi?"

Ta ce, "Ko kaɗan 'yar nan. Ai Hajiyar ta ce cutar ce ke fita."

A nan haɗarin yake. Suga in ya daɗe a jiki yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa can, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa da wuri. Mai lafiya da ta ji raɗaɗin man nan cikin dare za ta tashi ta wanke. Gwaggo barcinta ta sha. Likitan da ya duba ta a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ya ce ƙunar asid ce, rezar kuma ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, da mun ƙara kwanaki da maganar yanke ƙafa ake yi. Ya ce ko filastar cire ƙullutun ƙafa da ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, mai lasisi da komai, ba a yarda mai suga ya manna ba saboda asid ɗin da ke cikinta, balle abin da aka dama a bokiti.

Na tura wa matar hoto. Amsarta ita ce mu sayi roba ta biyu, wai ita ce mai haɗe ciwon. Da na ce ta ji tsoron Allah sai ta toshe ni. Bayan kwana goma ta ɓullo da sabuwar lamba da sabon suna, amma murya ɗaya, hotuna ɗaya.

Damfarar ba ta tsaya a man ba. Tana neman wakilai: ki tura riyal 1,500 a kawo miki katan, ki kawo mata uku su ma su biya a ba ki kaso. Mata biyu a unguwarmu sun tura, ɗaya kuɗin adashinta ne, har yau ko murfi ba su gani ba. Kuma na lura tana zaɓen waɗanda ba su da igama, wato takardar izinin zama, don ta san tsoron tarhil, wato a mayar da su gida, ba zai bar su kai ƙara ba, wasu ko asibiti ba sa son dosa. 'Yar uwarmu ce, harshenmu take yi, ta san inda rauninmu yake, nan ta sa hannu.

Faso a ƙasar nan ba asiri ba ne, ba kuma wata cuta ce da za ta fita ba. Bushewa ce da nauyi. Tafin ƙafa ba shi da maiƙon kansa kamar sauran jiki. Ga zafin Makka, wanda a Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Harami, ga na'urar sanyaya ɗaki da ke tsotse laima dare da rana, ga alwala sau biyar ba a shafa mai bayanta. Sa'ayi kaɗai, sawu bakwai tsakanin Safa da Marwa, wajen kilomita 3 ne ba takalmi a kan marmara. Silifas kuma ba ya riƙe dunduniya, tana bajewa gefe in an taka, busasshiyar fatar sai ta tsage.

Maganinsa a gida ba shi da wuya. Ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, kamar minti goma. Ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, wanda Larabawa ke kira hajar khaffaf, sau biyu a sati ya isa, kada ki nemi gamawa rana ɗaya. Reza kuwa ki rabu da ita. Ki tsane ƙafar, tun da sauran laima ki shafa mai mai yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Ki ce wa mai saidaliyya kirim yuriya, ya sani, shi ne ke sassauta fatar da ta yi tauri. Ki bi da Vaseline ko man kaɗanyarmu na gida, ki sa safar auduga ki kwanta. Kada ki cusa mai tsakanin yatsu, wurin ba ya son laima. Wadda ta ɗaura haramin Umra ko Hajji ta nemi marar turare. Ni kaina da haka nawa ya tafi, amma sai da na yi sati uku ban fasa ko dare ɗaya ba, na kuma koma takalmi mai rufe baya.

Mai suga hukuncinta daban. Kada ta daɗe da ƙafa cikin ruwa, ta gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, kada ta goge komai sai likita ya gani, kuma kullum ta duba tafin da madubi ko ta sa jika ya duba mata. Ja, kumburi, ruwa, wari ko baƙi, ranar za a tafi asibiti. Ana iya kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya a nemi shawarar likita ta waya.

Duk man da za ki saya, ki duba suna da bayanin haɗi da ranar lalacewa, ki gwada lambar jikinsa a manhajar Tameni ta Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya. Ana kai ƙara ga hukumar ta 19999, ko ga Ma'aikatar Kasuwanci ta 1900. Mu masu igama mu ya kamata mu kira a madadin waɗanda ba za su iya ba. Ni na kira, na ba da lambobinta biyu.

In kina da robar nan a ɗaki, kada ki shafa, kada kuma ki ba wata. Ki ɗaure ta a leda ki ajiye inda yara ba za su kai ba, tare da saƙonnin muryar da shaidar tura kuɗin, don za a nema. Ciwon Gwaggo ya fara haɗewa daga gefe, amma har yanzu ba ta taka ƙafar dama, tukunyarta na kife, sati biyar ba ta ga Ka'aba ba alhali daga tagarta ana jin kiran sallar Harami. Ku sa ta a addu'a.