Layin 937 ya riƙe mu a Madina lokacin korona

Ina shekara ta biyu a jami'a a Madina aka rufe makarantu a Maris 2020, karatu ya koma ta intanet. Farkon Afrilu aka sa dokar hana fita ta awa 24, jirage kuma sun tsaya, babu hanyar Kano.

Wani dare zazzaɓi ya rufe abokin ɗakina, ɗan Zinder, tari har yana haki. Na buga 937, layin Ma'aikatar Lafiya. Likitan bai gaggauta ni ba, duk da Larabcina na aji ne, yana ta sarƙewa saboda tsoro. Ya tambayi numfashinsa, ya ce mu raba kofi da shimfiɗa, ya faɗi alamar da in na gani kada in jira safiya. Wallahi muryarsa kaɗai ta kwantar mini da hankali.

Abin da ya fi damunmu kuɗin magani ne. Ashe tun 30 ga Maris Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har marasa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Sabon ɗalibi, ajiye lambar nan a wayarka. In harshenka bai faɗa ba tukuna, nemi wani yaya a masauki ya zauna kusa da kai kafin ka buga.